Dubai zuwa Gwanzu awa nawa ne a gaskiya? Tikitina ya rikita ni

Sabon_Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah waɗanda suka saba zuwa Sin ku fitar da ni daga duhu. Maigidana zai tura ni Gwanzu karon farko in dubo mana kaya, kuma ta Dubai zan bi, don akwai saƙon da zan sauke a unguwar Deira in kwana biyu. Ɗazu ejan ya turo min tikiti. A tafiya jirgi zai tashi daga Dubai ƙarfe 10:20 na safe, ya sauka Guangzhou, kamar yadda suka rubuta sunan, ƙarfe 9:50 na dare. Na ƙirga har sau uku, awa 11 da rabi ke nan. A dawowa kuma zai tashi 12:15 na dare ya sauka Dubai 4:50 na asuba, awa 4 da minti 35 kacal. Hanya ɗaya, kamfani ɗaya. Na kira ejan, ya ce min wai dawowa gangara ce shi ya sa. Ni dai hankalina bai ɗauka ba. Nisan nawa ne tsakanin garuruwan nan biyu, kuma awa nawa mutum yake yi a zaune?

Baban_Khairat:
Wa alaikumus salam. Gangara kuma? To Allah ya sa jirgin yana da birki.

Hajiya_Mai_Leshi:
Ɗana, kada ka saurari ejan nan, shi ma bai taɓa zuwa ba na tabbata. Agogo ne ya yi maka wasa. Sin tana gaban Dubai da awa 4. Kowane lokaci da ka gani a tikiti na garin da aka rubuta ne a gefensa. Cire 4 daga 11 da rabi, saura 7 da rabi, ita ce tafiyarka. A dawowa kuma ka ƙara 4 a kan 4 da minti 35, ka ga 8 da minti 35 ke nan. Na yi hanyar nan ta fi sau ashirin.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. To amma yanzu ai abin ya juya. Dawowar da na ɗauka ita ce gajera, ashe ita ce doguwa da awa guda cur. Me ya kawo haka?

Alhaji_Singa:
Kaya ne. A tafiya kowa jakarsa fayau, sai dala a aljihu. A dawowa kuwa je ka ga yadda 'yan kasuwa ke jibga kaya a wurin awo. Jirgi ya yi nauyi dole ya rage gudu, ko tirela ce ai haka take.

Injiniya_Gusau:
Alhaji ranka ya daɗe, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Nauyi yana sa jirgi ya fi shan mai, kuma yana hana shi hawa can ƙololuwa da wuri, amma ba shi ne ke cin awa guda ba. Iska ce.

Bari in fara da nisan tunda shi aka fara tambaya. Daga filin jirgin Dubai zuwa filin Baiyun na Gwanzu, in aka ja zare a kan ƙwallon duniya, kimanin kilomita 5,830 ne. In ka ga wani ya rubuta 3,620, mil yake nufi. In ka ga 3,150, wannan mil ɗin matuƙa jirgi ne, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Duk nisa ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Jirgi kuma ba ya bin zaren nan daidai, yana da tituna a sama da aka shata masa, don haka abin da yake ci a zahiri yakan ɗara 6,000.

Manyan jiragen da ke wannan hanya, irin Boeing 777 da Airbus A380, gudunsu a cikin iska wajen kilomita 900 ne a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. To a wannan tsayin akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi. Mai tafiya Sin tana tura shi ta baya, mai dawowa kuma da ita yake kokawa. A ce gudunta 100 ne a awa. Mai tafiya yana cin ƙasa 1,000 a awa, kilomita 6,000 awa 6 ke nan. Mai dawowa yana cin 800, awa 7 da rabi. Sai ka ɗora lokacin hawa da sauka da jan ƙafa a titin fili. Ka ga inda bambancin ya fito.

Baban_Khairat:
Ashe dai ejan yana da gaskiya, gangara ce, sai dai ya juya ta. Tafiyar ce gangara.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni wani abu ne bai shige ni ba. A makaranta an koya mana duniya tana juyawa zuwa gabas. To in haka ne, wanda ya tashi daga Gwanzu zuwa Dubai ai Dubai ce ke tahowa ta tarye shi. Kamata ya yi dawowa ta fi sauri, ba tafiya ba. Injiniya yaya ke nan?

Malam_Labarin_Ƙasa:
Ɗan_Maraɗi, ɗalibaina ba shekarar da ba sa yi min wannan tambayar. Duniya ba ita kaɗai take juyawa ba, da iskar da ta lulluɓe ta take tafiya. Ka shiga doguwar mota daga Maraɗi zuwa Yamai tana gudu, ka jefa lemo sama, a hannunka zai dawo, ba zai faɗa kan na kujerar baya ba. Jirgi tun yana ƙasa yana cikin wannan juyin, in ya tashi ma bai fita daga ciki ba. Da ba haka ba, a tsakiyar duniya, wato kan layin da ya raba ta arewa da kudu, ƙasa tana gudun kusan kilomita 1,670 a awa, da tsalle kawai za ka yi a Legas ka sauka a teku.

Amma kada ka ce juyin ba ruwansa. Shi ne, tare da bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da kuryoyinta na arewa da kudu, yake haifar da kogin iskar da Injiniya ya faɗa, kuma shi yake karkata ta zuwa gabas. Haka bambancin agogon da Hajiya ta faɗa, daga nan ya fito. Duniya tana juya digiri 15 a awa. Dubai tana kan digiri 55 a gabas, Gwanzu tana kan 113. Tsakaninsu 58, ka raba da 15, awa 4 ke nan saura 'yan mintoci.

Ɗan_Maraɗi:
Na gamsu Malam. Misalin lemon nan ya zauna.

Alhaji_Singa:
Ni ban gamsu ba. In iska ce, me ya sa da na je a watan Yuli tafiya da dawowa kusan kai ɗaya suka yi? Iskar hutu ta tafi?

Injiniya_Gusau:
Alhaji, wallahi kusan haka ne, ƙaura take yi. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kogin iskar nan yana sauka kudu da tsaunukan Himalaya, a kan arewacin Indiya, daidai hanyar jirgin, kuma a lokacin ya fi ƙarfi, yakan wuce kilomita 200 a awa a tsakiyarsa. Da daminar Indiya ta kama, daga Yuni zuwa Satumba, sai ya koma arewa da Tibet, a sararin Indiya kuma wata iskar ta taso daga gabas. Shi ya sa a Yuli ka ga sun kusa yin daidai. Abin da ka gani da idonka ma shaida ce a kan iska, don na san a Yulin ma ba hannu rabbana ka dawo ba.

Alhaji_Singa:
Kai yaron nan! To na ji, amma ban sauka daga maganar kaya ba gaba ɗaya.

Maman_Hanif:
Ku yi haƙuri in ɗan fita daga layi. Wai Gwanzu ake cewa ko Gwanjo? Kakata duk sanda na ce zan tafi sai ta ce Allah ya kiyaye, za a je garin gwanjo.

Baban_Khairat:
Kaka ta fi mu sanin kan duniya.

Ɗalibi_a_Wuhan:
Su masu garin abin da suke faɗa ya fi kusa da "Gwang-jou". Turawan da suka zo ciniki suka kira shi Canton, shi ya sa babbar kasuwar baje kolin da ake yi tun 1957 take ɗauke da wannan sunan har yau. Baiyun kuma, sunan filin jirgin, ma'anarsa farin gajimare. Af, Sabon_Ɗan_Kwari, yaushe ne tafiyar taka? In ta faɗo tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, ko tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin baje kolin ne, kuɗin otal yakan yi tashin gwauron zabo, layin shige da fice ma ya fi tsawo.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Farkon Disamba ne in sha Allah.

Ɗalibi_a_Wuhan:
To ka tsira daga wannan. Ka riƙe rigar sanyi ko mara nauyi ce. Kuma lissafin Injiniya ya hau kanka daidai, lokacin ƙarfin iskar ne.

Mai_Waya_Farm_Centre:
Duk wannan lissafin na takarda ne. Ni abin da na sani, awa 7 da rabi ɗin nan ba ita ce tafiyar ba. Ka je fili awa 3 kafin tashi. Ka sauka Baiyun ka bi layin hatimi, ka jira jaka, sannan filin yana wajen kilomita 28 arewa da tsakiyar gari. Kafin ka kwanta a otal a unguwar Xiaobei sha biyun dare ta yi. Daga fitarka masauki a Deira zuwa kwanciyarka a can, awa 13 ka sa a ranka.

Kuma dawowa ta fi ban haushi. Wata shekara a watan Mayu an rufe mu a cikin jirgi a Gwanzu, ba tashi ba sauka, fiye da awa 2, ana ruwa da tsawa kamar sama za ta tsage. Ba zan faɗi kamfanin ba don ba laifinsu ba ne. Kafin mu isa Dubai jirgin da zan hau na gaba ya tafi. Kwana na yi a kujera. Tun daga ranar, in zan yada zango a dawowa daga Sin, ba na karɓar tikitin da tazararsa ba ta kai awa 3 ba.

Hajiya_Mai_Leshi:
Wannan gaskiya ne. Daga Afrilu zuwa Satumba damina ce a can, har da guguwar teku a wasu watannin. Ni ma ta taɓa ritsawa da ni.

Matuƙi_Mai_Ritaya:
Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki. Ban taɓa tuƙa wannan hanyar ba, nawa aikin a Afirka na yi shi, amma sana'ar ɗaya ce. Lokacin da ke jikin tikiti ana ƙirga shi daga sanda aka ture jirgi baya daga ƙofa zuwa sanda ya tsaya a ƙofar can. Jan ƙafa zuwa titin tashi da jiran layi duk suna ciki, kuma a fili mai cunkoso irin Dubai wannan kaɗai yakan ci minti 20 ko fiye. Shi ya sa za ka ji matuƙi ya ce tafiyarmu awa 6 da minti 50 ce, alhali tikiti ya ce 7 da rabi. Ba wanda ya yi ƙarya. Kamfanoni kuma suna ɗan ƙara mintoci a jadawali don kada a riƙa cewa sun makara.

Game da hanya, in ka kalli taswirar da ke bayan kujera za ka ga kun ratsa mashigin tekun Oman, kun bi ta gefen Pakistan, kun keta Indiya, kun wuce ta Bangaladash da Myanmar, sannan ku shiga Sin ta kudu maso yamma, ta lardin Yunnan. Za ka lura jirgi yana kauce wa Himalaya da tudun Tibet. Dalili shi ne in iskar cikin jirgi ta zube, doka ce matuƙi ya sauko da sauri zuwa ƙafa 10,000, inda mutum zai iya numfashi da kansa, domin abin shaƙar da ke faɗowa daga saman kujera na 'yan mintoci ne. To tudun Tibet kansa ya haura mita 4,500, wato sama da ƙafa 14,000. Ina za ka sauko? Filayen sauka na gaggawa ma ƙalilan ne a can.

Sannan siyasa tana tsawaita hanya. A 2019, bayan rikicinsu da Indiya, Pakistan ta rufe sararinta daga ƙarshen Fabrairu, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai tsakiyar Yuli. Jirage da yawa dole suka zagaya ta kudu, ta kan tekun Larabawa. A cikin Sin kuma yawancin sararin sama a hannun soja yake, titunan jiragen fasinja 'yan kaɗan ne, wannan yana cikin abin da ke jawo irin zaman da Mai_Waya ya sha.

Injiniya_Gusau:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Da ma irinku muke jira.

Alhaji_Singa:
Kyaftin, tsakaninka da Allah, nauyin kaya ba ya rage gudu ko kaɗan?

Matuƙi_Mai_Ritaya:
Alhaji, in ka ga yawan man da ake ɗura wa jirgin, kayanku duka ba su kai ya kalle su ba. Jirgi mai nauyi a wasu lokutan ma gudunsa ya ɗan fi na mara nauyi. Ka bar wa iska laifinta.

Ummu_Sumayya:
Ni tambayata ta salla ce. Wanda ya tashi 10:20 na safe ya sauka kusan goman dare, azahar da la'asar da magariba duk a sama za su same shi. Yaya ake yi?

Ustaz_Zariya:
Malama, matafiyi yana da sauƙi, zai yi ƙasaru, kuma zai iya haɗa azahar da la'asar, ya haɗa magariba da isha. Abin lura a wannan hanyar shi ne rana tana gudu. Tunda gabas aka nufa, yinin gajere ne. Kada mutum ya dogara da agogon hannunsa da ke kan lokacin Dubai, ya ce bari uku ta yi in yi la'asar, sai ya ɗaga labulen taga ya ga rana ta yi ja. Lokacin salla na wurin da jirgi yake ne a wannan sa'ar. Shawarata, da an daidaita a sama aka ga rana ta karkata, a yi azahar da la'asar. Magariba da isha a bari sai an sauka, akwai wadatar lokaci. Wasu jiragen ƙasashen Larabawa suna nuna alƙibla a allon kujera. Mai tafiya Sin daga Dubai, Makka tana bayansa ne.

Hajiya_Mai_Leshi:
Allah ya gafarta Malam, ka tuna min da wani azumi. Mun tashi daga Dubai da hantsi, ban ajiye azumin ba don na ga zan iya. Muna kan Myanmar rana ta faɗi, na duba agogona huɗu ba ta ƙarasa ba. Wata 'yar Sudan da ke kusa da ni ta ƙi shan ruwa, wai ita ba ta yarda da wannan magaribar ba. Sai da duhu ya rufe taga sannan ta karɓi dabino.

Ustaz_Zariya:
Ke ce a kan daidai Hajiya. In rana ta faɗi a idon wanda ke cikin jirgi, ya sha ruwa, ko yinin ya gajarta. Haka in ya nufi yamma yinin ya yi tsawo, sai ya jira ta ko ya ajiye ya rama. A tikitin ɗan'uwanmu kuwa dawowar duk dare ce, awa 8 da rabi cikin duhu, asuba a Dubai za ta same shi.

Baban_Khairat:
To daga yau azumin nafila a hanyar Gwanzu zan riƙa yi.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu a nan agogonmu yana bayan na Najeriya da awa 1, don haka tsakaninmu da Sin awa 8 ne, ku kuma 7. Abin da nake so sabon matafiyin nan ya sani, wahalar ba a jirgi take ba, a kwana ukun farko take. Ƙarfe 9 na safe a Gwanzu, 2 na dare ne a Kano. Lokacin da ya kamata ka shiga kasuwa jikinka yana cewa tsakar dare ne. Da dare kuma ido ƙyam. Sannan in kana son maigida ya turo kuɗi ko ya ga hoton kaya, ka sani shida na yamma da shaguna ke rufewa a can, 11 na safe ne a Kano. Tazarar da za ku yi magana ana cikin kasuwa 'yar kaɗan ce. Kwana biyun da za ka yi a Dubai za su taimaka, don ka riga ka ci awa 3 daga cikin 7.

Ɗalibi_a_Wuhan:
Ƙari a kan maganar agogo, duk faɗin Sin lokaci ɗaya suke bi, na Beijing. Wani abokin karatuna ɗan Kashgar, can ƙarshen yamma, ya ce da sanyi sai wajen goma na safe rana take fitowa a garinsu. Amfanin abin a gare ka shi ne in ka wuce Yiwu ko Shenzhen ba sai ka sake taɓa agogo ba.

Auwalu_Takalma:
Ni ban ga dalilin bi ta Dubai ba in ba don saƙon da ya ce zai sauke ba. Daga Kano ka hau jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, daga can kai tsaye Gwanzu. Ba sai ka gangara Legas ba.

Malam_Labarin_Ƙasa:
Malam Auwalu ka sa na ɗauko taswira. Kano zuwa Addis kimanin kilomita 3,300, Addis zuwa Gwanzu kimanin 8,000, jimla 11,300 da ɗoriya. Wanda ya bi ta Legas kuwa, Kano zuwa Legas 800 da wani abu, Legas zuwa Dubai kusan 5,900, sai 5,830 ɗin nan, ya haura 12,500. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Doha. Kano zuwa Doha wajen 4,750, Doha zuwa Gwanzu wajen 6,200, jimla kusan 10,950. In ka ja zare kai tsaye daga Kano zuwa Gwanzu, kusan wannan adadin za ka samu. Wato Doha a kan layin take zaune.

Sabon_Ɗan_Kwari, ga ma'auni mai sauƙi: Dubai zuwa Gwanzu kusan daidai yake da Legas zuwa Dubai. Duk abin da ka ji a zangon farko, shi za ka sake ji a na biyu. In kuma ka taɓa zuwa Umara, Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne, wannan ya kusa ninka shi biyu.

Auwalu_Takalma:
Malam, mu ba kilomita muke saya ba, kilo muke saya. Wanda ya ba ni jaka biyu masu nauyi da farashi mai sauƙi shi zan bi, ko ta Masar zai zagaya da ni.

Maman_Hanif:
Wannan haka yake. Ni kuma zaman awa 10 da wani abu daga Addis ne ba na iyawa, ƙafafuna kumbura suke yi. Gara a raba min biyu daidai, in sauka in miƙe.

Mai_Waya_Farm_Centre:
Tunda an zo maganar kaya, batirin cajin waya na tafi da gidanka a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin ta awo ba. Kuma daga ƙarshen Yunin 2025, a jiragen cikin gida na Sin ba sa barin wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinsa. In za ka wuce Yiwu ta jirgi ka duba naka.

Ustaz_Zariya:
In Juma'a ta same ka a can, ka je masallacin da ake kira na Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Za ka ga Musulmi daga ko'ina. Akwai kuma masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar.

Alhaji_Singa:
Na ziyarci kabarin Sahabin da kaina.

Ustaz_Zariya:
Alhaji, Musulmin Sin haka suka gada daga kakanninsu, kuma wurin yana da daraja a wajensu. Amma malaman tarihi sun tafi a kan cewa Sa'ad, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Abin da ba a jayayya a kai shi ne fataken Larabawa da Farisa sun zauna a garin tun fiye da shekara dubu, suna kiransa Khanfu.

Malam_Labarin_Ƙasa:
Kuma su ma iska ce ke yanke musu lokacin tafiya, kamar yadda take yi wa jirgin ɗan'uwanmu. Sai sun jira iskar da ke kaɗawa ta inda suka nufa sannan su ɗaga filafilan jiragensu na ruwa, in ta wuce su sai wata shekara. A 1980 an gwada abin a Oman. Aka ƙera jirgin ruwa irin na da mai suna Sohar, ba ƙusa ko ɗaya, da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katakon. Ya tashi daga Maskat a Nuwamban 1980, bai isa Gwanzu ba sai Yulin 1981. Maskat kuwa daga Dubai tafiyar awa guda ce a jirgin sama. Wata bakwai da ɗoriya, mu kuma muna nan muna rigima a kan awa 1.

Baban_Khairat:
Su ma a dawowa kaya ne ke rage musu gudu, ko Alhaji?

Alhaji_Singa:
Baban Khairat zan gamu da kai a kasuwa.

Hajiya_Mai_Leshi:
Ɗana, na koma na sake karanta saƙonka na farko, akwai abin da duk muka tsallake, kuma ya fi duk lissafin nan haɗari. Ka ce dawowa 12:15 na dare. Duba kwanan watan da ke jiki da kyau. In an rubuta 15 ga wata, to daren 14 za ka tafi fili, tun wajen tara na dare, domin da sha biyu ta buga an shiga 15. Wata ƙawata ta yi wannan kuskuren, ta yi zamanta tana ɗaure kaya ranar 15 da yamma, ashe jirgi ya tafi tun daren jiya. Sabon tikiti ta saya, ga bizarta saura kwana ɗaya.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Innalillahi. Hajiya wallahi 15 ɗin ce a jiki, kuma ni a raina daren 15 zan tafi, har na ce a kama min otal zuwa ranar. Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a. Yanzu zan kira maigida mu gyara.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Kada ka rage kwanan otal ɗin gaba ɗaya. Ka biya har daren 14, ka samu inda za ka ajiye kaya ka yi wanka kafin ka fita. In ba haka ba tun sha biyun rana za su fitar da kai, ka yini a zaure da jakunkuna.

Mai_Waya_Farm_Centre:
Kuma kada ka dogara da jirgin ƙasa na layi na 3 mai zuwa filin jirgi in kana da manyan jakunkuna, da yamma cika yake yi maƙil. Ka sa mai otal ya kira maka mota.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Na rubuta duka. Saura tambaya ɗaya, kujerar taga zan nema ko ta gefen hanya?

Maman_Hanif:
Gefen hanya, ka riƙa tashi kana taka ƙafa.

Matuƙi_Mai_Ritaya:
A tafiya ka nemi taga ta hagu. Arewa ke nan, kuma rana ba za ta dame ka ba. A Disamba sama takan yi garau a kan Indiya, in hanyar ranar ta matsa arewa kana iya hango farin kan Himalaya can nesa kafin rana ta faɗi. A dawowa ka bi shawarar Maman Hanif, ba abin da za ka gani sai duhu.

Alhaji_Singa:
In ka dawo ka faɗa mana awa nawa kuka yi, da kuma kilo nawa aka auna maka.